Yadda Ake Gyara Sandar Golf ta Gwanjo ta Dace da Mai Ita

Kusan duk sandar golf da ke hannun 'yan wasa a Zariya ta taɓa zama ta wani. Ko an sayo ta gwanjo daga Legas ko Abuja, ko ɗan'uwa ya yo tsarabarta daga Ingila, ko kuma wani babba ya sabunta jakarsa ya miƙa wa kadinsa, wato mai ɗaukar masa jaka a fili, tsofaffin. Wannan ba aibi ba ne, don kan ayon mai kyau, wato sanda mai siririn kan ƙarfe, yakan shekara ashirin yana aiki bai gaji ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, da jikin wani aka auna sandar, kuma don filin da ciyawarsa ke shan ruwa rani da damina aka ƙera ta. Sai ka ga mutum ya daɗe yana fama da ƙwallon da ke gudu hagu, yana ɗora wa hannunsa laifi, alhali sandar ce ta yi masa tsawo da inci guda.

Gyaran wannan bai fi ƙarfin mai sha'awa ba, in dai yana da teburi mai ƙwari da haƙuri. Sai dai mafi yawan aikin awo ne. Yanka da manna a ƙarshe suke zuwa, su ne kuma masu sauƙin. Ba a kuma afka wa saiti gaba ɗaya. Ayon 7, wato mai lamba 7 da ke tsakiyar saiti, ake ɗauka ita kaɗai a gyara, mai ita ya tafi fili ya yi ta bugu da ita na ɗan lokaci, in ta zauna masa sannan a bi sauran da awonta.

Gaɓoɓin sanda huɗu ne: kai, da ƙota wadda 'yan wasa ke kira shaf, da mariƙin roba, da ɗan baƙin zoben da ke rufe mahaɗar ƙota da wuyan kai. Siririn ɓangaren ƙota da ke shiga wuya shi ne tsini, mai kaurin da mariƙi ke hawa kuma gindi. A kan kuma, gefen da ke kusa da wuya dunduniya ne, na nesa hanci, wanda ke taɓa ƙasa tafi.

Kayan aiki

Bais, wato mamatsin ƙarfe da aka ɗaure a teburi, shi ne uban tafiya. Ba a matse ƙota da haƙoransa tsirara. A yanko tiyon ruwa mai kauri, tsawon yatsa, a tsaga shi ta gefe a sanya wa ƙotar kafin a matse. Sai rula mai inci 48, in babu a manna tef a jikin miƙaƙƙen katako. Sai sikelin dijital mai nuna giram wanda zai ɗauki aƙalla rabin kilo, da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗin rami, mai karanta inci, da abin yanka bututu irin na masu aikin famfo, da sanfefa, da wuƙa mai ƙugiya, da injin hura iska mai zafi. Yawancin waɗannan za a same su wajen masu kayan gini da na famfo a Sabon Gari. Ƙota, mariƙi, zobe, salatif mai manne ciki da waje da kuma efoksin sanda, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa, su ne sai an yi oda. Duk wanda zai yi odar ya ƙara zobe da mariƙi a kan adadin da yake buƙata, don hannun sabon shiga ba ya rasa ɓata ɗaya.

Sana'ar nan da inci take magana. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, amma kada a wahalar da kai da juye-juye, a nemi tef mai inci kawai.

A fara da binciken abin da aka sayo

A goge ƙotar ƙarfe a duba ta a rana. Tsatsar da ta tsaya a sama sanfefa mai laushi na ɗauke ta. Wadda ta huda ƙarfen ta bar ƙananan ramuka, musamman kusa da wuya, ta gama da ƙotar. Irin wannan takan karye a tsakiyar bugu, kan ya tashi sama, kuma ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa. Ƙotar girafait kuma, wato mara nauyi da ake yi da zaren kabon, a bi ta da yatsa daidai inda take gogar bakin jaka. In fenti ne kawai ya goge, da sauƙi. In zaren ya fara tashi, a cire ta.

Akwai jabu a kasuwa. Direba, wato sandar bugun farko mai babban kai, in aka ce da titaniyam aka yi fuskarta, a kara mata maganaɗisu: titaniyam ba ya kamawa. Kada dai a yi wa wud 3 ko wud 5, ƙannen direba masu ƙaramin kai, wannan hukuncin, don da yawansu da ƙarfe ake yin su tun daga kamfani.

Awon mai sanda

Nan ne za a daɗe. Tun 1972 kamfanin Ping na Karsten Solheim ya fito da tsarin ɗigo mai launi, inda ake haɗa tsayin mutum da nisan wuyan hannunsa daga ƙasa a fitar da sandar da ta dace da shi. Har yau daga nan kowa ke farawa. Mutum ya tsaya a kan siminti da takalmin da yake wasa da shi, ya saki hannuwa, a auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙasa. Galibin jadawalin kamfanoni suna barin mai inci 34 zuwa 36 a kan tsawon da aka saba, wato kusan inci 37 ga ayon 7 mai ƙotar ƙarfe. Wanda ya haura a ƙara masa, wanda ya gaza a rage. Tsayi kaɗai yana yaudara: dogon mutum mai dogayen hannuwa sau da yawa ba ya buƙatar ƙarin komai.

Wannan awon tsaye ne, ƙofar shiga kawai. Hukunci na wurin bugu. A shafe fuskar ayon 7 da maka irin ta farin allo, ko a barbaɗa mata hoda, ya buga ƙwallo goma, ana duba inda kowace ta bar tabo. Daga nan ya sauko da riƙonsa rabin inci ya sake goma. In tabon ya taru a tsakiya bayan ya sauko, ƙwallon kuma ta fi tafiya, to sandar ta yi masa tsawo, ko me jadawali ya ce.

Sai zaman sanda, abin da ake kira lai, wato kusurwar da ke tsakanin ƙota da ƙasa idan tafin ya kwanta sosai. A ayon 7 yakan kama digiri 62 zuwa 63. Idan a lokacin bugu hanci ya ɗaga, dunduniya ta nutse, fuskar na kallon hagu ko da mai bugu ya saita daidai. Idan hanci ne ya nutse, ƙwallo dama za ta yi. Wannan ga na-dama ke nan, bahago ya juya lissafin. Kuma gwargwadon kwanciyar fuskar sanda, wato yadda take kallon sama, gwargwadon ɓarnar: kuskuren digiri 2 a wej, gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama, ya fi na ayon 4 fitowa fili nesa ba kusa ba.

Gwajinsa ba ya cin ko sisi. A ja layi mai kauri da maka a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye cak yana kallon fuskar sanda, a buga. Layin zai koma kan fuskar. In ya fito a tsaye, ya ratsa tsagogin fuska daidai, zaman ya yi. In samansa ya karkata wajen hanci, sandar ta miƙe da yawa, tana son a kwantar da ita. In ya karkata wajen dunduniya, ta kwanta da yawa. A maimaita sau biyar ko shida, kada a yanke hukunci da bugu ɗaya.

Da damina ƙasa ma tana ba da shaida, kuma tsofaffin kadi sun fi kowa iya karanta ta. Za ka ga kadi ya tsuguna a kan gurbin da sanda ta ɓantare, ya sa yatsa a gefen da ya fi zurfi, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, duba nan, dunduniyar ce ke shiga, hancin bai taɓa ƙasa ba." Wanda zai gyara wa mutum sanda, ya tambayi kadinsa kafin ya tambaye shi. Mai sanda bugunsa mafi kyau yake tunawa, kadi kuwa shi ke shiga ciyawa neman sauran.

Tsawo da zama a haɗe suke: ƙarin rabin inci kamar miƙar da sandar ne da digiri 1. Saboda haka tsawo ake tsayarwa tukuna, zama ya biyo baya. Wanda ya lanƙwasa wuya sannan ya yanke ƙota, ya yi aikin baban giwa.

Saura taurin ƙota. Haruffan da ke jikinta, L, A, R, S da X, suna tafiya ne daga mafi laushi zuwa mafi tauri, amma babu wata hukuma da ta ɗaure kamfanoni a kan ma'auni ɗaya. R ɗin wani kamfani S ɗin wani ce. In babu na'urar auna gudun lilo, wato saurin kaɗa sanda, a dubi sandar da mutum ke ɗauka a nisan yadi 150. Mai ɗaukar ayon 6 ko 7 yawanci R ce tasa, mai ɗaukar 8 ya nufi S, mai ɗaukar ayon 5 ko wud ya sauko A ba tare da jin kunya ba. A nan ne filinmu ke ruɗin mutane. Da rani ƙasar Zariya takan bushe ƙamas, ƙwallo ta sauka ta yi ta gudu, mutum ya tafi gida yana cewa yadi 170 yake kaiwa da ayon 7. Inda ta fara sauka ake aunawa, ba inda ta tsaya ba. A tura yaro ya tsaya a gefe ya sa alama.

A ganina ma nauyin ƙota ya fi harafinta tasiri. Dynamic Gold ta kamfanin True Temper, wadda ake yawan tararwa a tsofaffin saitin gwanjo masu tsada, tana kai kusan giram 130. An yi ta ne don masu ƙarfi. Dattijon da zai taka rami 18 a zafin Afrilu da irin wannan, kafin ya kai rami na 12 hannunsa ya mutu. Ƙotar ƙarfe mai giram 95 zuwa 105, ko girafait mai 60 zuwa 80, za ta dawo masa da nisan da ya ɗauka tsufa ne ya cinye.

Cire tsohuwar ƙota

A fara yanke mariƙin, wuƙa tana tafiya gaba, ba wajen jikin mai yanka ba. Cire shi yana ba iska mafita idan zafi ya shiga. A ɗaure ƙotar a bais, a dumama zoben kaɗan a yanke shi, sannan a saita zafin a kan wuya kaɗai ana zagayawa. Za ka fara jin wani wari mai ɗaci, wani lokaci ɗan hayaƙi ya fito ta bakin wuyan tare da ƙara ƙas. Efoksi ya saki ke nan. A sa safar hannu ta fata a murɗa kan, zai zare.

Murɗawar nan ta ƙotar ƙarfe ce kawai. Girafait zare ne da aka naɗe da danƙo, zafi na sassauta shi, murɗawa kuma na warware shi ta ciki inda ido ba ya gani. Wanda yake son ya sake amfani da ita sai da injin da ke tura kan a miƙe. In babu injin, a ɗauka an yi asarar ƙotar, a ceci kan. A naɗa wa kan direba jiƙaƙƙen tsumma don kada fentinsa ya ƙone.

Injin iskar nan yana jan wuta sosai, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa. In babu wutar NEPA, ƙaramin tocin gas zai yi wa ayon mai ƙotar ƙarfe aiki cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Amma kada a kai wa mai walda. Wutarsa ta wuce kima, za ta ƙona kurom, wato shafen ƙyallin ƙarfen, ta bar wuyan da shuɗin tabon da ba ya gogewa.

Tun wuyan yana da ɗumi a kankare tsohon efoksin da ke ciki da sanfefar da aka naɗe a jikin ƙusa, a goge da asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, har tsumma ya fito fari.

Tsini da yankansa

A sa baniya a auna ramin wuya kafin a yi odar komai. A ayon iri biyu ne: inci 0.370 mai kauri ɗaya har ƙasa, da 0.355 mai tsukewa. A direba da wud kuma 0.335 ko 0.350. Ƙota mai 0.370 ba za ta shiga wuya mai 0.355 ba. Mai 0.355 za ta shiga mai 0.370 amma tana rawa, sai an yi mata ciko da siririn farantin tagulla da ake sayarwa don haka. Cika gurbin da efoksi zalla jinkirta ranar da kan zai fita ne kawai.

Ƙota mai 0.355 kowace lamba da tata take zuwa, ba a taɓa tsininta, ta gindi kawai ake yanka. Mai 0.370 kuwa iri ɗaya ce ga dukkan saiti, kuma yankan tsini ne ke bambanta su: yawanci ana ƙara rabin inci daga wannan lamba zuwa ta gaba, don gajerun sanduna masu nauyin kai su sami ƙarin tauri. Kowane kamfani yana da jadawalin yankan ƙotarsa a intanet. Shi za a bi, ba ƙiyasi ba.

Ƙarfe da abin yanka bututu ake yanka shi, ana matsawa kaɗan-kaɗan. Girafait kuwa wannan abin murƙushe ta yake yi. A naɗa salatif na takarda a wurin, a yanka da faifan yanka ko zarto mai ƙananan haƙora, a rufe hanci da baki, don ƙurarta ba abin shaƙa ba ce.

A zura ƙotar cikin wuya har ta taɓa ƙasa, a ja layi. Ya kamata ta shiga aƙalla inci 1. Daga layin zuwa tsini za a goge da sanfefa: a ƙarfe har ƙyallin ya mutu, a girafait fenti kawai, da zarar baƙi ya bayyana a tsaya.

Haɗin gwaji da nauyin lilo

Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa. Ɗauki gatari ta ƙarshen ƙotarsa ka kaɗa, sannan ka juya ka riƙe ta wajen ƙarfen ka sake kaɗawa. Nauyinsa a sikeli bai canja ba, amma hannu ya ji abu biyu daban. Wannan jin ne ake aunawa da nauyin lilo, a ma'aunin da Robert Adams ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1930, mai harafi da lamba: C8, C9, D0, D1, haka dai. Sandunan maza yawanci D0 zuwa D2 suke, na mata kuma wajen C5 zuwa C7.

Sikelin wannan aiki yana da tsada, amma ana iya lissafinsa da hannu. A haɗa sandar ba tare da efoksi ba, ƙotar a yanke daidai tsawonta, a tsaga wani tsohon mariƙi mai nauyin sabon a sanya. A auna nauyinta duka a giram. A ɗora ta a kan bakin wuƙa ko gefen rula har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba, a sa alama, a auna daga ƙarshen gindi zuwa alamar. A cire 14 daga incin da aka samu, a ninka abin da ya rage da nauyin. Sakamakon da ya kai kimanin 6,050 shi ne D0, kuma kowane 50 maki ɗaya ne sama ko ƙasa. Misali, ayon 7 mai giram 430 da ta tsaya a inci 28.25: a cire 14 saura 14.25, a ninka da 430 a sami kusan 6,128. Ta haura D0 da 78, wato tana tsakanin D1 da D2. A yi awon nan sau uku, domin kuskuren kashi ɗaya cikin takwas na inci ya isa ya sauya maki guda.

Ƙa'idoji huɗu ne ke juya wannan lamba, ya kamata a haddace su. Giram 2 a kai, maki 1. Rabin inci na tsawo, maki 3. Kimanin giram 9 a nauyin ƙota, maki 1. Giram 4 zuwa 5 a mariƙi, maki 1 amma a juye: in mariƙi ya ƙara nauyi, makin sauka yake. Da wannan za a gane dalilin da ya sa sandar da aka datse wa inci guda a gida take zama kamar kara a hannu. Maki 6 ta zubar.

Ana mayar da nauyi da salatif na dalma a bayan kai, ko da ɗan nauyin tagulla da ake sawa a cikin tsini kafin manna. Na fi son a fara da salatif, don ana iya ƙarawa a rage a fili har mai sanda ya ce ya ji kan. A riƙa auna kowane yanki a sikeli, kaurinsu ba ɗaya ba ne. Dalma kuma guba ce, abin da ya sami yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya ishe mu darasi. A wanke hannu kafin a ci abinci, a kwashe ɓarɓashin, kada a bar shi inda yara ke wasa.

Manna

Efoksi mai bushewa cikin minti 5 da ake samu a kowane shago yana da jan hankali, amma mai awa 24 ya fi shi jure dukan da wuyan sanda ke sha. A bi rabon da aka rubuta a jikin kwalbar, a gauraya a kan kwali har launin ya zama ɗaya. Zobe ake fara sawa. In ya yi gardama a jiƙa shi a ruwan zafi, a ɗan shafa wa tsinin efoksi, a tura shi da kan sandar kansa. Sannan a shafa siririn efoksi a cikin wuya da jikin tsini, a zura ana juyawa, a juya sandar a buga gindinta a ƙasa sau biyu ko uku don ta zauna. Abin da ya tsatso a goge da tsumma. Yawan efoksi ba ƙarin ƙarfi ba ne. Wanda ya haura cikin ƙotar girafait ya daskare, a daidai bakinsa take karyewa.

Hunturu yana da sharri biyu a nan. Ƙura takan sauka a kan tsinin da aka goge kafin a juya, don haka a sake shafa asiton dab da manna, a kuma rufe taga. Sanyin asuba na Disamba da Janairu kuma yana jinkirta bushewa, gara a yi aikin da hantsi a bar sandar cikin ɗaki. A jingina ta da bango, kai a ƙasa, a ajiye kwalin da aka yi gaurayen a gefenta. In ragowar da ke kan kwalin ta yi taurin da farce ba ya shiga, ta cikin wuya ma ta yi. Bayan nan a goge zoben da sanfefa ya daidaita da wuya, a shafe shi sau ɗaya da asiton, zai yi ƙyalli.

Mariƙi

Ana auna tsawon sanda ne a jingine a kusurwar digiri 60, rula tana bin bayan ƙota daga ƙasa. Murfin mariƙi yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci, a cire wannan kafin yankan ƙarshe.

Kauri kuma hannu ne ke faɗa. Mutum ya riƙe da hannunsa na sama. In yatsan tsakiya da mai bi masa sun ɗan taɓa tudun babban yatsa, ya yi. In sun nutse, mariƙin ya yi siriri. In sun kasa kaiwa, ya yi kauri. Kowane zagaye na salatif ɗin takarda a ƙarƙashi yana ƙara kashi 1 cikin 64 na inci, kuma mariƙi mai rami 0.580 a kan gindi mai 0.600 yana fitowa da ɗan ƙarin kauri. Mai gumin hannu ya nemi irin mai zare a jiki.

A manna salatif mai fuska biyu tsawon inci 10, a cusa ragowar cikin bakin gindi. A toshe hudar mariƙin da yatsa, a zuba ruwan narkarwa, a girgiza, a juye a kan salatif ɗin, a tura mariƙin a tafi ɗaya ba tsayawa. Akwai kamar minti guda na daidaita shi da fuskar sanda. Wait sifirit na masu fenti shi ya fi dacewa. Kananzir yana yi, sai dai maiƙonsa yana sa a jira har gobe. Fetur kuwa, a ɗakin da aka gama kunna toci, kada a soma.

Dokar R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, ta ce mariƙi ya kasance kewayayye, fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, kaɗai aka yarda ta sami gefe mai faɗi. Ba ta hana fata ba, da fata ma aka fara kafin roba. Mai sha'awa zai iya sa baduku a cikin birni ya yanko masa siririn tsiri ya naɗa a fota, muddin naɗin bai yi ƙullutu ko ƙugu ba.

Lanƙwasa wuya, da wej ɗin ƙasarmu

Gyaran zama da kwanciyar fuska sai da injin da ke riƙe kan da sandar lanƙwasa. Guduma da bais ba sa ba da digiri, tabo suke bayarwa. Kan da aka ƙera da ƙarfe mai laushi yana bin hannu. Wanda aka zuba a zubi da ƙarfe mai tauri kada a wuce masa digiri 2. Na arha da aka yi da zinki karyewa yake. Wanda ba shi da injin ya rubuta digirin da kowace sanda ke buƙata, ya tara su, ya kai inda ake da shi a tafiya ɗaya.

Wej ce ta fi shan wahala a nan. Tudun da ke tafinta, wanda ɗan wasan Amurka Gene Sarazen ya shahara da shi a 1932, an yi shi ne don kada ta nutse a yashi mai laushi. Wej mai digiri 56 da tudun digiri 12 zuwa 14, in ta sami marmara ko busasshiyar ƙasar Fabrairu, tsalle take yi, bakinta ya daki cikin ƙwallo, ƙwallon ta wuce rami kamar an harba ta. Don rani a nemi mai tudun 4 zuwa 8, a bar mai babban tudun don yashi da damina. Dokar wasa ta yarda da sanda 14 a jaka, akwai wurin duka biyun. A sani kuma duk digiri 1 da aka rage wa kwanciyar fuska, tudun ma ya ragu da 1. A duba tazarar da ke tsakanin wej-wej: ta cikin saitin zamani takan zo da digiri 43 zuwa 45, daga nan zuwa 56 rami ne babba, ana son tazarar 4 zuwa 5.

Sauran saiti da direba

In ayon 7 ta zauna, a rubuta komai nata a littafi: tsawo, zama, nauyin kai, nauyin ƙota, zagayen salatif, makin lilo. Sauran suna bin ta da rabin inci, ayon 6 ta fi ta da rabi, ayon 8 ta gaza ta da rabi. Kawunan kuma ya kamata na ayon 8 ya fi na ayon 7 nauyi da kusan giram 7, haka sauran ke tafiya. A auna su duka tun suna tsirara, don a saitin gwanjo ba wuya a tarar da ɗaya da aka ɗauko daga wani gida.

Direba a bar ta ƙarshe. Doka ta ƙayyade girman kanta a cc 460, tsawonta a inci 48, kuma tun 2022 manyan gasanni suna da damar tsayar da shi a 46. Kamfanoni na sayar da ita a 45 da rabi ko fiye, saboda nisa ne ke sayar da sanda. Mafi yawan masu wasan ƙarshen mako sun fi samun tsakiyar fuska a 44 ko 44 da rabi. Kafin a yanka, a naɗa salatif a mariƙi daidai inci guda daga sama, mutum ya riƙe daga nan ya yi zagaye biyu ko uku a fili. In hodar fuska ta nuna tabon ya taru, a yanka ta gindi, ba ta tsini ba, a sa sabon mariƙi, sannan a fara mayar da nauyi a tafin kan. Lissafi zai ce giram 12, amma a fara da 6 a ba shi ya buga, da yawa a nan suke cewa ya isa.